Salsalar Tsirrai: Yadda Ake Gano Zumuncin Kuka, Riɗi da Gero ta Hanyar DNA

A ƙasar Gumel, daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa har bakin iyaka a Maigatari, tsirrai huɗu ne suka fi shiga miyar yauƙi: kuka, kuɓewa, lalo da karkashi. Da za a jera su a tambayi mutum waɗanne ne 'yan'uwan juna, ido zai sa ya haɗa kuɓewa da lalo da karkashi wuri guda, tunda duka ƙanana ne masu tsirowa da damina su bushe da kaka, ya ware kuka gefe saboda girmanta da daɗewarta. Binciken DNA ya ba da wata amsa dabam. Kuka ta fi lalo kusanci da kuɓewa, ko da yake su ukun dangi guda ne tare da rama da yakuwa da auduga da rimi da goro. Karkashi kuwa ba ya cikinsu ko kaɗan. Ɗan'uwan riɗi ne na kusa, riɗin nan da ake tarawa buhu-buhu a Maigatari har fatake ke kiran wani irinsa da sunan garin. Yauƙin da ya haɗa su a tukunya bai haɗa su a asali ba.

Wannan jagora za ta bi yadda ake kai wa ga irin wannan amsa, tun daga tsinkar ganye har zuwa karanta bishiyar salsala a kwamfuta, domin ɗalibin kimiyyar tsirrai da malamin sakandare da malamin gona. Akwai kuma magana guda da nake son kafawa. An ɗauka nauyin wannan aiki yana kan na'urori masu tsada da ke Turai da Amurka, alhali yana kan mutum biyu ne: wanda ya tsinki ganyen ya tabbatar da sunansa, da wanda ya karanta sakamakon bai ɗora masa abin da bai faɗa ba. Na'ura ba ta san ko ganyen da aka ba ta na karkashi ne ko na wani riɗin daji ba, abin da aka rubuta a jikin leda shi zai bi sakamakon har ƙarshe. Gaɓar farko da ta ƙarshe kuwa duka ana iya yin su a Gumel.

Tushen abin mai sauƙi ne. Kowace ƙwayar halitta a jikin tsiro tana ɗauke da DNA, dogon jerin sinadarai huɗu da ake yi wa laƙabi da A, C, G da T. Duk sanda tsiro ya yi iri sai an kwafi wannan jeri, kuma jefi-jefi harafi guda yakan sauya, zuriyar da ta biyo baya ta gaji sauyin. Abin ya yi kama da littafin da malamai ke kwafa da hannu: idan wani marubuci ya tsallake harafi, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji tsallaken, har mai bincike ya iya gane kwafe-kwafen da suka fito daga hannu guda ta kurakuran da suka yi tarayya a kai. Tsirrai biyu da suka yi tarayya a sauye-sauyen da sauran ba su da su, alama ce ta cewa sun rabu da juna a baya-bayan nan. Abin da ya sa wannan shaida ta fi ta ido ƙarfi shi ne yawa da kuma rashin bin muhalli. Fari da bakin dabbobi suna tilasta wa tsirran da ba su haɗa komai ba su yi kama: aduwa da bagaruwa duka suna da ƙaya, tumfafiya da tinya duka suna zubar da farin ruwa in an karya su, amma kowanne daga dangi dabam yake. Haruffan DNA dubbai ne, kuma da yawansu fari bai shafe su ba. A 1993 Mark Chase da gomman abokan aikinsa suka wallafa nazarin sashe guda na DNA mai suna rbcL daga tsirrai kusan 500, abin da ya girgiza tsohon tsarin dangogi. Daga nan ƙungiyar masana da ake kira APG ta fitar da sabon tsari a 1998, ta sabunta shi a 2003 da 2009 da 2016, inda ta tsaya a dangi 416 cikin manyan rukunoni 64. A wannan tsari ne aka rushe tsohon dangin kuka da rimi aka shigar da su dangin auduga, wato Malvaceae.

Aikin yana farawa da tambaya, kuma tambayar ce ke zaɓen tsirran. Mu ɗauki wadda muka buɗe da ita. Za a buƙaci kuka, kuɓewa, lalo da karkashi, sannan a ƙara waɗanda za su cike giɓi: yakuwa, rama, auduga, rimi, dargaza, riɗi da ƙuduji. Rowar tsirrai ita ce kuskuren da ya fi yawa a nan, domin idan nau'o'i biyu masu nisa da kowa suka tsaya su kaɗai, lissafi yakan haɗa su wuri guda alhali ba zumunci tsakaninsu. Dole kuma a sa bare, wato tsiron da aka riga aka tabbatar yana wajen duk sauran, don a san inda saiwar bishiyar take. A wannan tambaya gero ya isa bare, tunda shi ciyawa ne mai tsirowa da kunne ɗaya, sauran duka da kunne biyu suke tsirowa.

Sai fita daji, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. Lokaci yana da muhimmanci. Ƙananan tsirrai irin su karkashi da lalo da ƙuduji ana samunsu da fure da 'ya'ya daga Agusta zuwa Oktoba. Kuka da damina take da ɗanyen ganye. Gawo shi ne mai saɓa wa kowa, yana zubar da ganye da damina ya tofo da rani, don haka wanda ke son sa sai ya dawo a Disamba ko Janairu. A tsinki ganye matashi mai lafiya, wanda tsutsa ba ta huda ba, babu tabon cuta ko farin ƙura-ƙura a bayansa, domin naman gwarin da ke kan ganye yana da nasa DNA kuma zai iya shiga sakamakon. Daga tsiro guda za a ɗiba, kada a haɗa na gindi biyu ko da a kunya ɗaya suke. A yayyaga ganyen ƙanana kamar faɗin farce, a zuba a leda mai zif tare da silika, ƙananan duwatsun nan masu shan laima da ake gani cikin 'yar jaka a kwalin sabon takalmi, waɗanda shagunan kayan ɗakin gwaji ke sayarwa kilo-kilo. Nauyin silika ya ninka na ganyen kamar sau goma, a matse iska a rufe. Irin mai launi ya fi, domin idan ya sha ruwa yakan juya daga shuɗi zuwa ruwan hoda, sai a sauya shi. Abin nema shi ne ganyen ya bushe ƙarau cikin kwana guda, ya karye in an lanƙwasa. Chase da Harold Hills ne suka yaɗa wannan dabara a 1991, kuma ita ce ta sa mai aiki a ƙauyen da ba lantarki ya daina buƙatar firji. Kada a shanya ganyen a rana bisa kwano yadda ake shanya kuka, zafi yana gutsuttsura DNA. Kada kuma a bar ledar cikin mota a rufe da tsakar rana. Garin kuka ko na karkashi na kasuwa ba ya zama samfur, domin ba wanda zai iya rantsewa daga bishiya guda ya fito ko ba a gauraya shi da wani ganye ba.

Daga wannan gindin da aka tsinki ganyen za a yanki reshe mai fure da 'ya'ya, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako biyu a ɗaure tamau, a riƙa sauya jaridun kullum har ya bushe. Wannan busasshen reshe shi ne shaidar aikin gaba ɗaya. A ba shi lamba guda da ledar ganyen, a rubuta rana da wuri da lambobin taswira daga waya, da irin ƙasar, ko jigawa ce ko fadama ko bakin kududdufi, da launin furen tun yana ɗanye, da sunan da mutanen wurin ke kiransa. A kai shi ma'ajiyar busassun tsirrai, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, a gwada shi da waɗanda aka riga aka tantance. Dalilin wannan wahala shi ne suna ɗaya yakan rufe tsiro fiye da ɗaya. Abin da ake ce wa karkashi a wani gari Ceratotheca sesamoides ne, a wani garin kuma Sesamum radiatum. Wanda ya ajiye reshe, ko bayan shekara hamsin ana iya buɗe takardarsa a gyara sunan, sakamakonsa ya ci gaba da amfani. Wanda bai ajiye ba, haruffansa sun zama marasa uba, kuma duk wanda ya gina bincike a kansu ya gaji shakkar.

A ɗakin gwaji, hanyar da ta fi araha ita ce ta sinadarin CTAB da Doyle da Doyle suka wallafa a 1987. Ana niƙa busasshen ganye kamar miligiram 20 a ɗan turmin tangaran, da ruwan naitirojin in akwai, in babu da ɗan tsabtataccen yashi, har ya zama gari. A zuba ruwan CTAB, a ajiye a zafin digiri 65 na rabin sa'a zuwa sa'a guda. A ƙara kulorofom, a girgiza a hankali, a sa a na'urar wulwulawa, ruwan ya rabu biyu, a tsotse na saman zuwa sabon bututu. Kulorofom guba ne, ba a buɗe shi sai cikin akwatin zuƙe hayaƙi da safar hannu. Daga nan aisofurofanol mai sanyi zai sa DNA ya kwanta a gindin bututu kamar ɗan farin ɗigo, a wanke shi da itanol mai ƙarfin kashi 70, a bar shi ya sha iska, a narkar da shi. Tsirranmu suna da nasu taurin kai. Yauƙin kuka da kuɓewa da karkashi yakan bi DNA har ƙarshe, ruwan ya yi kauri yana jan zare a bakin bututun tsotsa, ya hana mataki na gaba aiki. Maganinsa a rage yawan ganyen, a fara wanke garin da ruwan sobitol sau biyu ko uku kafin CTAB, a ƙara gishiri. Bagaruwa kuwa, sinadarin da ya sa majema ke jima da ita shi ke mayar da ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa, sai an sa sinadarin PVP ya kama shi. A ƙarshe a gudanar da ɗan kaɗan a jel ɗin agaros: layi guda mai kauri a sama alamar lafiya ce, shafe-shafe har ƙasa alamar DNA ya gutsuttsure, kuma galibi laifin daga busarwa ne.

Ba duka DNA ake karantawa ba a ƙaramin aiki, sashe ake zaɓa gwargwadon zurfin tambaya. Sashen rbcL, wanda ke cikin koren ƙwayar ganye mai sarrafa hasken rana, tsawonsa haruffa kusan 1,400 ne kuma a hankali yake sauyawa, don haka ya dace da tambayar dangi da dangi. Sashen matK ya fi shi saurin sauyi. Su biyun aka amince da su a 2009 a matsayin lambar shaidar tsirrai ta duniya. Sashen ITS, wanda ke cibiyar ƙwayar halitta, ya fi su duka sauri, shi ake nema idan ana son raba nau'o'in gida guda, kamar rama da yakuwa. Ana ninka sashen da aka zaɓa da na'urar PCR, wadda ke ɗaga zafi zuwa wajen digiri 94 don raba igiyoyin DNA biyu, ta sauke zuwa 50 da ɗoriya don gajerun jagororin da ake kira firaima su manne, ta koma 72 don a gina sabon kwafi. Zagaye 30 zuwa 35 yana mayar da kwafi ɗaya sama da biliyan. Aikin yana cin sa'a biyu zuwa uku, kuma ɗaukewar wuta a tsakiya tana lalata shi, don haka a tanadi batir da inbata kafin a kunna. Kowane zubi a sa bututu guda mai komai da komai ban da DNA. Idan shi ma ya nuna layi a jel, an samu gurɓata, a zubar da zubin duka a sake, kome kyansa.

Karanta haruffan yawanci aikawa ake yi ga kamfani ko babbar cibiya mai na'urar da ke bin hanyar Frederick Sanger ta 1977. A nemi a karanta daga gaba da kuma daga baya. Abin da zai dawo ba haruffa kaɗai ba ne, har da zane mai tuddai kala huɗu, kuma wajibi ne a buɗe shi a duba da ido. A yanke farko da ƙarshe inda tuddan suka cakuɗe, a gwada karatun biyu, inda suka saɓa kuma ba a iya rarrabewa a sa N maimakon zato. Sannan a liƙa jerin a manhajar BLAST ta rumbun GenBank a intanet. Idan ganyen kuka ya dawo da sunan wake, an musanya bututu. A tuna kuma cewa rumbun kansa mutane ne suka cika shi, akwai jeri masu sunan kuskure a ciki, don haka wanda ke da lambar busasshen reshe a bayanansa shi ne abin dogaro.

Yanzu aiki ya koma kwamfuta, kuma manhajojin duka kyauta ne. Da farko a daidaita sahu da MAFFT ko MUSCLE, yadda kowane harafi zai tsaya ƙarƙashin takwaransa na sauran tsirran, a bar giɓi inda wani ya yi asarar haruffa. A bi sahun da ido daga farko zuwa ƙarshe, a cire wuraren da suka rikice har ba a san wane harafi ke daidai da wane ba. Sannan a gina bishiya. Tsirrai 10 kacal ana iya jera su a bishiyoyi masu saiwa sama da miliyan 34, shi ya sa ake barin manhaja irin su MEGA ko IQ-TREE ko MrBayes ta nemo wadda ta fi dacewa da haruffan, bisa lissafin da ya san cewa wasu sauye-sauye sun fi wasu yawan faruwa, kamar A ya koma G.

Karanta bishiyar shi ne gaɓa ta biyu mai nauyi. Zumunci yana mahaɗar rassa, ba a jerin sunayen da ke bakin takarda ba. Kowace mahaɗa ana iya juya ta hagu ko dama ba tare da ma'ana ta sauya ba, don haka ganin suna biyu kusa da juna ba hujja ba ce, sai an bi rassansu baya an ga inda suka haɗu. Haka kuma babu tsiron yau da yake kakan wani tsiron yau, mahaɗar ce ke wakiltar kakan da ya shuɗe. A kan kowace mahaɗa akwai lamba daga gwajin maimaici da Joseph Felsenstein ya gabatar a 1985: manhaja tana sake ɗibar ginshiƙan sahun a cakuɗe, sau 1,000 misali, ta ƙirga sau nawa mahaɗar ta sake bayyana. Abin da ya gaza kashi 70 ba a gina magana a kansa, kuma gara a rubuta cewa wannan sashe bai warware wurin ba da a cika shi da ƙarfin hali. A tambayarmu, abin da manyan bincike suka tabbatar shi ne kuɓewa da rama da yakuwa za su dunƙule, auduga ta biyo su, kuka da rimi su tsaya a reshen da ke maƙwabtaka da su, lalo da dargaza su yi nasu reshe a gefen dangin. Can nesa karkashi da riɗi za su rungumi juna, ƙuduji kuma ya tsaya kusa da su a babban rukuni guda, nesa ƙwarai da geron da yake tsotsa. Da rbcL kaɗai rabuwar dangin auduga da na riɗi za ta fito da lamba mai ƙarfi, amma wasu mahaɗai na cikin dangin auduga za su yi rauni, kuma ɗalibin da ya faɗi haka ya fi wanda ya ɓoye ilimi.

Mai suka zai ce ai bishiyoyin nan suna saɓa wa juna, yau a ce kaza gobe a sauya. Sukar tana da tushe. Tarihin sashe guda na DNA ba lallai ya zama tarihin tsiron gaba ɗaya ba. DNA na koren ƙwayar ganye a yawancin tsirrai masu fure ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, don haka yana ba da labarin ɓangare guda. Tsirrai kuma suna barbara tsakanin nau'o'i fiye da yadda ake zato. Manomin gero ya san shibra, wadda ke fitowa cikin gona da siririn kai tana kakkaɓe tsabarta kafin girbi. Ita tsatson gaurayar gero ce da danginsa na daji, kuma irin wannan gauraya ba ta zama daram a bishiya mai rassa masu rabuwa kawai. Amma wannan ba dalilin watsi da hanyar ba ne, dalilin ƙara shaidu ne. A gina bishiya daga koren ƙwaya, a gina wata daga cibiya, inda suka yarda a amince, inda suka saɓa da lambobi masu ƙarfi a san cewa an taɓo tarihin barbara, wanda shi ma sakamako ne. Haka manyan cibiyoyi suka yi: binciken da Lambun Kew na Landan ya jagoranta a 2024 ya yi amfani da sassa 353 na cibiya daga nau'o'i sama da 9,500, kuma yawancin dangogin APG sun tsaya yadda suke.

Wani zai ce wannan ilimi ya zo ne ya rushe abin da magabata suka sani, ya rikita sunaye. Rikicin sunaye gaskiya ne kuma yana da ciwo. Da DNA ya nuna cewa itatuwan ƙaya da aka tara ƙarƙashin Acacia ba gida guda ba ne, taron masana na Biyana a 2005 ya bar wa na Ostireliya sunan, taron Melbon na 2011 ya tabbatar, bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara mai ba da ƙaro ta koma Senegalia senegal. Masanan Afirka da dama sun ƙi wannan hukunci, kuma a ganina suna da hujja, amma gardamar ta wa zai riƙe suna ce, ba ta ko rabuwar gaskiya ce ba. A wurare da yawa ma DNA gaskata mai ido ya yi. Tun 1934 Auguste Chevalier ya fitar da gawo daga Acacia ya ba shi gidansa, Faidherbia, kuma haruffa sun goyi bayansa. A 2010 bincike ya shigar da gero da kyasuwa gida guda da ƙarangiya, wato Cenchrus. Abin yana da ban mamaki har sai an ɗauki kan gero an ciro tsaba guda da gindinta: akwai 'yan gashi kewaye da ita, kuma a jikin ƙarangiya waɗannan gashin ne suka yi tauri suka manne suka zama ƙayar da ke kama wando. Littafin sunayen tsirrai da J. M. Dalziel ya wallafa a 1916 daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya samo abin da ke cikinsa, kuma har yau mai neman tsiro a daji bai da jagoran da ya fi su.

Akwai kuma mai karatun da zai tsaya tun a batun asali guda, yana jin ana shigo masa da zancen da bai yarda da shi ba. Bai kamata a kewaye wannan ba. Bishiyar ba kamanni kawai take aunawa ba, cewa take yi kuka da kuɓewa sun gangaro daga kaka guda cikin miliyoyin shekaru. Abin da zan ce shi ne sauyawar tsiro daga zuriya zuwa zuriya abu ne da ke gaban idon duk mai zaɓen iri. Gero da maiwa da dauro daga ciyawar daji guda aka fitar da su, kuma binciken da cibiyar IRD ta Faransa ta jagoranta a 2018 ya nuna an fara hore ta a yammacin Sahara, ta soma bazuwa kimanin shekara 4,900 da suka wuce, abin da ya dace da tsofaffin tsabar da masu haƙa suka samu a kwarin Tilemsi na Mali. Hanyar da ta gano wannan ita ce dai ake miƙawa baya. Ba ta tambayar wa ya yi halitta, kuma ba ta da kayan aunawa da za su amsa wannan tambaya. Masu imani da yawa suna yin aikin suna ɗaukarsa nazarin yadda Allah ya tsara abin da ya halitta.

Suka mafi nauyi ita ce ta amfani: me wannan zai ƙara wa manomin Gagarawa? Ba zai ƙara masa buhu a bana ba, kuma wanda ya yi masa wannan alkawari ya yaudare shi. Amfaninsa ta hannun mai kyautata iri yake zuwa. Sanin dangin amfanin gona na kusa shi ke nuna inda za a nemi juriyar cuta da fari, kamar yadda masu bincike a Amurka suka ɗauko juriyar cutar tsatsa daga geron daji na Sahel suka sa wa na gona. Riɗi ya nuna ɗaya fuskar. Saboda yawancin danginsa na daji a Afirka suke, an daɗe ana zaton nan aka hore shi, sai aikin Dorothea Bedigian da binciken DNA da ya biyo baya suka nuna kakansa na kusa a Indiya yake. Karkashin Ceratotheca ɗan gida ne, har an mayar da shi cikin Sesamum a 2018, amma ƙunshin gadonsa, wato ƙulle-ƙullen DNA da ke cibiyar ƙwayar halittarsa, 32 ne, na riɗi 26, don haka barbararsu ba ta da sauƙi, kuma sanin haka yana hana ɓata shekaru. Malamin gona da ya san kuɓewa da rama da yakuwa da auduga dangi guda ne zai gane dalilin da ya sa ƙwari iri ɗaya ke huda ganyensu, ba zai ba da shawarar a bi ɗaya da ɗaya a gona da sunan sauya shuka ba. A gandun renon itatuwa na shirin yaƙi da hamada kuma, inda 'yan dashen ƙaya ke kama da juna, matK zai raba dakwara da bagaruwa tun kafin a yi shekaru ana ban ruwa ga itacen da ba shi ake nufi ba.

Wanda bai da hanyar ɗakin gwaji yana iya farawa yau. Jerin rbcL da matK na kuka da kuɓewa da auduga da riɗi da gero suna GenBank, ana sauke su da datar waya, kuma ƙaramar kwamfuta za ta gina bishiyarsu cikin mintuna. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel ko Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa zai koyi daidaita sahu da karanta mahaɗai a kan wannan kafin ya kashe ko kwabo a sinadari. In ya kai ga nasa samfur, ya nemi izinin mai gona da na mai unguwa kafin tsinka, da na hukumar gandun daji idan keɓaɓɓen daji ne. Fitar da ganye ko DNA zuwa wata ƙasa yana buƙatar takardun hukuma da rubutacciyar yarjejeniya, bisa ƙa'idar Nagoya ta 2010 kan rabon amfanin albarkatun halitta. Busasshen reshe a yi shi kwafi biyu, ɗaya ya zauna a ma'ajiyar cikin gida. Jerin haruffan kuma a ɗora shi a GenBank tare da lambar reshen da sunan ma'ajiyar da sunan ƙaramar hukumar da aka tsinko shi, sauran ganyen a bar shi cikin sabuwar silika a rufe, domin wanda zai zo da tambayar da ke buƙatar sassa 353.